Ka Ɗanɗana Kafin Ka Zuba Sukari

Ɗana, ba na cikin dattawan da ke ɗaure fuska idan sun ga samari sun kewaye butar shayi. Zaman majalisa da kurfoti a tsakiya ya fi yawon banza nesa ba kusa ba, kuma wanda ya iya fifita gawayi ya jira buta ta tafasa har sau uku ya koyi wani abu na haƙuri. Maganar da nake so mu yi ta ganyen da kuke jefawa cikin butar ce. Na lura yawancinku, duk da ba kwa kwana ba ku sha ba, ba ku san ɗanɗanonsa ba. Kun san ɗacin da wuta ta fitar, kun san zaƙin sukarin da kuka danne ɗacin da shi, amma ganyen kansa, da nasa ƙamshi da nasa garɗi, bai taɓa samun hanyar isa harshenku ba. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ji kana cewa kwalin koren shayin nan na oganik da ka saya da tsada lami ne, ba ƙarfi, kuɗinka sun tafi a banza. Ka dakata da yanke masa hukunci tukuna, don dahuwar da ka yi masa ba irin tasa ba ce.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Koren shayi da baƙin shayin da mai shayin bakin tasha ke haɗa maka da madara da burodi, duk itace ɗaya ne ya haife su. Wajen sarrafawa suka rabu. Idan aka tsinko ganyen aka bar shi ya yi yaushi, aka murza shi, aka bar iska ta ratsa shi, sai ya rine ya yi duhu, kamar yadda goro ke canza launi idan ka ɓare shi ka ajiye. Wannan shi ne baƙin shayi, irin wanda Kenya da Indiya suka fi yi. Shi kuwa kore, ba a ba iska wannan dama. Cikin 'yan sa'o'i da tsinka ake kai shi ga zafi don a tsayar da rinewar. Mutanen Sin sun fi soya shi a busasshen kasko, ba mai ba ruwa, shi ya sa nasu ke da garɗi da ɗan ƙamshin wuta. Mutanen Japan turara nasu suke yi, sai ya fito kore shar da ƙamshin ɗanyen ganye. Wanda ya fi yawa a shagunanmu na Sin ne. Akwai wanda aka mulmula ƙanana-ƙanana, wanda lardin Zhejiang ya yi suna da shi, za ka ga lamba 3505 a jikin kwalinsa. Akwai kuma sirara masu ɗan lanƙwasa, masu lamba 4011 ko 41022. Lambobin nan na nuna iri da daraja ne a wajen 'yan kasuwa.

Dahuwar da kuka gada kuwa tana da tarihi, kuma ba na so ka raina ta. Koren shayi ta arewa ya sauko mana. Jiragen ruwan Turawa ne suka riƙa kai shi Maroko, inda ya fara zama abin shan fada da manyan attajirai, sannan a ƙarni na 19 ya bazu har gidan talaka. Daga can ayarin raƙuma ya ɗauke shi tare da dunƙulen sukari ya ratsa Sahara da shi, ya kai Tumbuktu da Agadas. Har yau babu ƙasar da ta kai Maroko sayen koren shayin Sin. Mu nan Mashi, da muke kan hanyar Katsina zuwa Daura, iyakar Nijar kuma ga ta nan wajen Birnin Kuka, a hannun Buzaye muka san shi. Bayan kaka sukan sauko da kantun gishiri da dabinon Bilma da Fachi, su sauka a gonakin da aka girbe, raƙumansu su ci kara su bar wa mai gona taki, su kuma su koma da gero. Duk inda suka sauka sai ka ga 'yar buta a kan garwashi. Farin 1973 da 1974, wanda ya cinye dabbobinsu, ya koro da yawansu zuwa Katsina da Kano da Kaduna suna aikin gadi, kuma daga ƙofar gidaje da shagunan da suke tsaro ne samarin birni suka koyi ɗaga buta sama a tsiyaya har kumfa ta tashi.

Mutumin da ke tafiyar kwanaki a hamada, ruwansa kaɗan ne, wani lokaci ma mai zartsi, abincinsa kuma ƙididdigagge. Yana bukatar ɗan kofin da zai kore masa gajiya ya ba shi ƙarfi nan take, saboda haka sai ya dafa ganyen sosai, ya cika sukari, ya kuma maimaita dahuwa sau uku a kan ganye ɗaya don kada komai ya salwanta. Ganyen da yake amfani da shi ma mai jure wahala ne, an mulmula shi tamau don ya yi watanni a kan raƙumi bai lalace ba. Hikima ce da ta dace da wurinta. Kai kuwa a ƙofar gida kake zaune, ka ci tuwo ka ƙoshi, ga ruwa mai daɗi a randa, ga kuma ganye mai taushi da aka tsinko daga kan toho. Idan ka ɗora irin wannan a kan garwashi ya yi ta zaɓalɓala na tsawon rabin sa'a, abin da ka biya kuɗi dominsa ya bi tururi ya tafi tun kafin ka ɗauko kofi.

To, mene ne ma ka biya? Abin da ake nufi da oganik ba baƙon abu ba ne ga ɗan manomi. Gona ce da ba a zuba mata takin zamani, ba a yi mata feshin maganin ƙwari ko na ciyawa irin na kamfani. Da takin gida da ruɓaɓɓen ganye ake ciyar da ita, ciyawa kuma da hannu ake cire ta. A dokar Tarayyar Turai da ta Amurka, gonar itace irin ta shayi sai ta yi shekara 3 ba ta ga waɗannan magunguna ba kafin a yarda a sa wa amfaninta wannan suna, kuma masu bincike na zuwa duba ta kowace shekara. Dalilin da ya sa wannan ke da nauyi a shayi musamman shi ne, ganyen shayi ba a saba wanke shi ba tsakanin tsinka da busarwa. Ruwan farko da zai taɓa shi sosai shi ne na butarka. Abin da aka fesa masa gab da tsinka, idan manomin bai kiyaye ƙa'ida ba, yana iya biyo shi har kofinka. Ka ga kuwa ga mai sha kullum wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau: shaidar oganik magana take yi a kan yadda aka yi noma, ba ta ɗauki alkawarin daɗi ba. Daɗi yana zuwa ne daga irin itacen, da tudun da aka shuka shi, da lokacin tsinka, da gwanintar wanda ya soya, da yadda aka adana. Akwai ma abin da masu talla ba sa faɗa. Takin zamani irin su yuriya yana ƙara wa ganyen shayi sinadarin da ke ba shi kauri a baki, saboda haka sau da yawa wanda aka noma da takin gida kaɗai yakan fito da sauƙin ɗanɗano, ba ya cika baki da sauri. Harshen da ya saba da dafaffen shayi mai kauri zai kira wannan lami. Ni a wurina tsabta ce, kuma na fi son ta, amma sai ka natsu za ka ji ta. Sannan kada rubutun kwali kaɗai ya ishe ka, don tawada ba ta ƙin takarda. Ka nemi sunan hukumar da ta ba da shaidar da lambarta, ka nemi lambar NAFDAC, ka duba ranar da aka ɗura shi da ranar da zai tashi aiki. Bayan wannan sai ka koma ga alƙalan da Allah ya ba ka kyauta, ido da hanci da harshe.

Ka zuba kaɗan a tafin hannunka ka fita da shi haske. Mai kyau kore ne mai duhu, girmansa kusan ɗaya, ba gari da yawa, ba tsinkaye. Idan ka ga ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa. Ka dunƙule hannun, ka hura masa numfashi sau biyu don ya ɗumama, sannan ka buɗe ka kai hanci. Sabon ganye zai ba ka ƙamshin ɗanyar ciyawar da aka yanko da safe, a bayansa kuma wani garɗi mai kama da na gyaɗar da ta fara soyuwa. Wani har da ɗan ƙamshin fure can ƙasa-ƙasa. Mulmulallen nan yakan zo da ɗan hayaƙi, wannan ɗabi'arsa ce, ba aibi ba ne matuƙar bai kai ƙauri ba. Abin da za ka guje wa shi ne warin rima, ko warin tsohon buhu, ko ka shinshina ka ji shiru, ba komai. Ganyen da ba ya ƙamshi a hannu ba zai yi a buta ba.

Sai ruwa. Wani malamin ƙasar Sin mai suna Lu Yu, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan shayi wajen shekara ta 760, ya jera ruwa daraja-daraja, ya sa na maɓuɓɓugar dutse a gaba, na kogi a tsakiya, na rijiya a baya. Mu ba mu da zaɓi mai yawa haka, amma kowa a garin nan ya san rijiyar da ruwanta ke da daɗi da wadda ke da zartsi ko kanwa-kanwa. Ruwa mai kanwa yana dusashe launin shayi ya kashe masa ƙamshi. Idan na famfo ne mai warin magani, ka bar shi ya kwana a randa. Butar kuma ta zama ta shayi ce kaɗai, wadda ba a taɓa dafa citta da kanumfari a ciki ba, don ƙamshinsu ba ya fita da wuri.

Ka tafasa ruwan shi kaɗai, ba ganye. Ka sauke, ka bar shi ya huce na kamar minti 5, ko ka juye shi daga wannan mazubi zuwa wancan sau biyu. Abin da ake nema zafin digiri 70 zuwa 80 ne, alhali tafasasshen ruwa yana kan 100. Ka ɗauraye butar da ɗan ruwan zafin ka zubar, ka jefa ganye ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi, ka rufe na ɗan lokaci, sannan ka buɗe ka shinshina tun ba ka zuba ruwa ba. A nan ne ƙamshin ya fi fitowa fili, kuma mutane da yawa sun yi shekaru suna shan shayi ba su taɓa tsayawa a wannan gaɓa ba. Sai ka zuba ruwan, ka rufe, ka ba shi minti 2, iyaka 3, ka tsiyaye duka, kada ka bar ko kaɗan a kan ganyen. Launin da za ka gani fatsi-fatsi ne mai ɗan kore, garau, har kana hango gindin kofin.

Kada ka haɗiye kurɓin farko da sauri. Ka bar shi ya zagaya baki. Da farko za ka ji ɗan ɗaci a bayan harshe, mai wucewa. Sai ɗan ɓauri ya biyo, ya ɗan kama gefen harshe da dasashi. Idan ganyen na kirki ne kuma ba ka ƙona shi ba, bayan ka haɗiye ka ja numfashi sai wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro, siriri, ba irin na sukari ba, yawu ya tsinke, ƙamshin ya dawo ta hanci. Ka kurɓi ruwan randa a bayansa, za ka ji ruwan ma ya ƙara daɗi. Wannan zaƙin na baya shi ne abin da masana shayi ke bi, kuma cokali ɗaya na sukari ya isa ya binne shi.

Akwai dalili a bayan duk wannan. Cikin ganyen akwai sinadarai uku da ke takara. Katekin shi ke kawo ɓauri da yawancin ɗaci, kafeyin shi ke kore barci yana ƙara nasa ɗacin, sai tiyanin, wanda aka gano a Japan a 1949, shi ke ba da wannan zaƙi da laushi. Tiyanin yana narkewa ko a ruwa mai ɗumi, su kuwa sauran biyun sai ruwa ya yi zafi sosai kuma an daɗe suke fitowa da yawa. Ƙamshin kuma abu ne mai tashi, tafasa na kore shi. Ka ga ke nan mai dafawa a kan garwashi yana tatso ɗaci ne yana sallamar ƙamshi, sannan dole ya nemi sukari ya yi sulhu.

Kada ka zubar da ganyen bayan zubi ɗaya. Ka ƙara ruwa, ka ɗan ƙara lokaci. Na biyu sau da yawa ya fi na farko cika, na uku ya zo da sauƙi. Idan ka gama, ka juye ganyen a faranti ka baza da yatsa. Mai daraja zai warware ya koma cikakken ganye, ƙanana, masu taushi, har ka ga zara-zaran bakinsu da ɗan toho a tsakani. Idan gutsattsari ne da itatuwa da manyan ganye masu kaushi, to ko me aka rubuta a kwali, ka san matsayin abin da aka sayar maka, kuma ka san abin da za ka gaya wa mai shago cikin mutunci idan ka koma.

Ajiya ma tana kashe shayi fiye da yadda ake zato. Ka tuna tafiyar da ya yi: makonni a teku kafin ya sauka Legas ko Kwatano ko Lome, sannan mota, sannan sito, sannan shagon kwano a zafin bazara. Itacen ba ya yi a yankinmu, don yana son ruwan sama mai yawa da sanyi da ƙasa mai tsami, mu kuwa daminarmu wata huɗu ce. A Najeriya sai tsaunin Mambila, a Kakara cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea. Tunda daga nesa yake zuwa, ka sayi kaɗan-kaɗan a inda kaya ke tafiya da sauri. Ganyen shayi mazuƙin wari ne. Idan ya zauna kusa da sabulu, ko daddawa, ko turare, ko galan ɗin fetur, zai kwashe. Da ka buɗe kwali ka juye shi a gwangwani mai murfi, busasshe, ka ajiye inda rana ba ta kai, ka kuma shanye shi cikin wata biyu zuwa uku. Da damina ka ƙara kula, laima ce babbar abokiyar gabarsa.

Maganar sukari kuwa ta wuce ta ɗanɗano. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato wajen ƙananan cokula 12, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Ka lissafa abin da kuke juyewa a buta ɗaya, ka ninka sau uku, ka ƙara na koko da na lemon kwalba. Mun ga mutanen kirki da ciwon sukari ya kwantar, kuma ba na so in ga ka bi sahu tun da ƙuruciyarka. Ban ce ka daina rana ɗaya ba. Ka riƙa rage rabin cokali duk mako, harshe yana sabo da sauri fiye da yadda kake tsammani.

Ka kula da iyalinka kuma. Shayi, kore ko baƙi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini daga abinci irin su wake da gero da zogale, idan aka sha shi tare da abincin. Ga mai juna biyu, da mai jego, da yara, waɗanda dama ƙarancin jini ke yawan kamawa, a bar tazarar sa'a guda bayan cin abinci, kuma a ba su mara ƙarfi. Kai ma kada ka buɗe baki da mai kauri a watan azumi ciki ba komai, yana tayar da zuciya. Wanda kuke kaiwa tsakar dare kuna sha kuma, ka duba abin da yake yi wa asubarka. In ka ji mai talla yana cewa koren shayi na narkar da teɓa ko yana warkar da hawan jini, ka saurare shi da kunne ɗaya. Abin sha ne mai kyau idan ba a cika masa sukari ba, amma kada wani ya ajiye maganin da likita ya ba shi saboda shi.

Idan baƙo ya zo, ko abokanka suka ce su dai na Buzaye suke so mai kumfa, ka yi musu da hannu biyu, da mulmulallen ganyen da aka yi don wannan dahuwa. Ko a nan akwai gyara: ka fara zuba masa ɗan ruwan zafi ka karkaɗa ka zubar don ƙura ta fita, kada ka bar shi ya ƙafe a wuta har ya yi ƙauri, na'a-na'a kuma sai an kusa saukewa ake sa ta, in ba haka ba ta yi baƙi ta ƙara ɗaci. Ita na'a-na'ar ma ba sai ka saya ba. Ka roƙi reshe biyu ko uku a wajen mai lambu, ka dasa a tsohon bokitin da ka huda wa gindi, da ƙasa da ɗan takin awaki da ya ruɓe, ka ajiye inda take samun ranar safe da inuwar yamma, kana ba ta ruwa kullum. Cikin 'yan makonni za ta cika bokitin, kuma ka riƙa tsinka daga sama don ta yi rassa.